TARIHIN LIYARI DA KUƊIN JABU

Kwanakin baya, bayan an tashi daga makaranta, wani yaro ɗan aji shida ya tsaya a bakin ƙofa, bai bi 'yan'uwansa ba. Da ya ga kowa ya watse sai ya matso, ya rusuna, ya ciro wani ƙullin tsumma daga aljihu, ya kwance. Muka duba, sai ga liyari ɗaya, fari fat, yana ɗaukar ido. Ya ce na kakarsa ne wadda ke zaune a Tungar Guru, ita kuma wurin uwarta ta gada. Wai ya gani cikin wayar wansa ana tallan irinsa a intanet, an sa masa kuɗi mai yawa, don an ce tun shekarar 1780 aka yi shi. Ya duba na kakarsa, ya ga shi ma 1780 aka rubuta. Yaron ba ya wasa da lissafi, nan da nan ya ɗebe, ya ga shekarun sun haura 240. Saboda haka ya nemi toka da lemun tsami, ya dirje shi sarai don ya yi kyau a hoto. Sa'an nan ya ce, "Malam, nawa za a saya?"

Muka ce ya dakata tukuna. Ana nan, ran wata kasuwa, sai ga wani abokinmu ɗan tireda daga wajen Gummi ya zo da nasa liyarin, wanda ya saya ta waya wurin wani mutum da bai taɓa gani ba. Nasa baƙi ne ƙirin, kai ka ce daga kufai aka tono shi, shi ma 1780 ke jikinsa. Muka jera su biyu bisa tebur, ɗaya na walƙiya, ɗaya ya yi duhu. To, ku 'yan makaranta, wanne ne tsoho, wanne ne kuma na gaskiya? Ba za ku iya ba da amsa ba sai kun san tarihin wannan kuɗi, gama abin da ya ruɗi yaron nan da ɗan tiredan duka cikin tarihin ya ke.

Ku sani, kafin zuwan Turawa kuɗin ƙasar Hausa wuri ne. Kalman nan "kuɗi" ma asalinta jam'in wuri ce. Wuri kuwa ɓawon wata 'yar dabbar teku ne, ana kawo shi daga tsibiran Maldib cikin tekun Indiya, daga baya kuma aka riƙa jibgo wani iri daga wajen Zanzibar. Yana da wani kyau guda wanda babu kuɗin da ya kama ƙafarsa, watau ba maƙerin da zai iya ƙera shi. Duk gwanintar mutum ba ya yin wurin jabu. Amma aibinsa nauyi. Wuri 20,000 shi ne keso ɗaya, keso kuwa kayan ƙato ne guda. In za ka sayi doki mai kyau sai ka nemi masu ɗaukar maka kuɗin, sa'an nan a zauna a yi ta ƙidaya biyar biyar har rana ta karkata.

Wani Bajamushe matafiyi, Dokta Bart, wanda mutanen ƙasan nan suka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano cikin 1851, ya kuma ratsa ƙasar Zamfara cikin 1853 kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato. Ya tarar a Kano ana ba da wuri 2,500 a kan liyari ɗaya. Ku yi lissafin da kanku. Keso guda ya zama liyari takwas ke nan, abin da ƙato ke nishi a ƙarƙashinsa ya koma abin da za a ƙulle a bakin zane. Wannan ya sa fatake suka ƙaunaci liyari. Ƙasarmu kuwa hanyar fatake ce tun dā. A Gummi ne Kambarin Barebari suka zauna bayan sun taso daga Barno, su ne kuwa suka shahara da fataucin goro zuwa Gwanja. Ayari ya bi kwarin Zamfara ya nufi Jega, wani ya komo, ba mamaki a sami liyari ya maƙale a ɗakin wata tsohuwa a ƙauyukanmu.

Daga ina ya fito? Matan nan mai ƙiba da ku ke gani a jikinsa sunanta Mariya Tereza, sarauniyar ƙasar Ostiriya cikin Turai. An haife ta cikin 1717, ta hau gadon ubanta cikin 1740, ta yi shekara arba'in tana mulki, ta haifi 'ya'ya goma sha shida. Lulluɓin da ke kanta na takaba ne, gama mijinta ya rasu cikin 1765, ita kuwa ba ta daina sa tufafin makoki ba har ta bi shi. Cikin 1741 aka fara buga kuɗin azurfa da kamanninta. A harshensu sunan irin wannan babban kuɗi "tala", daga nan Ingilishi suka sami "dola", mu kuma muka sami "dala". Larabawa suka kira shi riyal, bakin Bahaushe ya juya shi ya zama liyari.

Ku juya bayansa, za ku ga mikiya mai kai biyu, da garkuwa a ƙirjinta, da kambi a bisa. Rubutun da ya kewaye shi gaba da baya da harshen Latin ne, jerin sarautunta ne kurum, na Rum da Hangari da Bohemiya da sauransu. A ƙarƙashin kamannin matar akwai haruffa biyu ƙanana, S.F., farkon sunayen ma'aikata biyu ne na gidan buga kuɗi na garin Gunzbag. Amma abin da ya fi muhimmanci ba a fuska ya ke ba, a gefe ya ke. Ku ɗaga shi ku dubi kaurinsa, za ku ga an rubuta kalmomi masu tudu kewaye da shi, JUSTITIA ET CLEMENTIA, watau adalci da rangwame, kirarin sarautarta ke nan. Ba don ado aka yi wannan ba. A zamanin dā akwai ɓarayi masu kankare gefen kuɗin azurfa kaɗan kaɗan, su tara garin su sayar, su kuma kashe kuɗin kamar cikakke. In akwai rubutu a gefe, da an kankara za a gani. A Ingila ma wannan ɓarna ta sa aka sake buga kuɗin ƙasar duka cikin 1696, aka ɗora shehun malamin lissafin nan Isiyaku Niyuton bisa aikin, har ya riƙa farautar masu kuɗin ƙarya da kansa.

Abin da ya ɗaukaka liyari bisa sauran kuɗi shi ne ba ya sāke hali. Nauyinsa giram 28 da ɗan ɗigo. In ka kasa shi kashi shida, biyar azurfa ce tsantsa, ɗaya jan ƙarfe, don azurfa ita kaɗai ta cika taushi. Haka ya ke jiya, haka ya ke yau. Attajiran Turai suka riƙa kai shi ƙasashen Turkawa da na Larabawa suna sayen gahawa da alharini, daga can ya bazu zuwa Yaman da Habasha da Sudan. Mu kuma ta hamada ya iso mana, daga Tarabulus, ta Gadamas da Gat da Agadas zuwa Katsina da Kano, wani kuma ta Barno. Alhazai masu tafiya da ƙafa su ma sukan komo da shi.

To, ga inda maganar ta ke. Sarauniya ta rasu ran 29 ga Nuwamba, 1780. Bisa al'ada, da sarki ya mutu sai a daina buga kuɗi da kansa, a sa na magajinsa. Amma mutanen gabas suka ce su ba su san wannan ba, matan nan suka sani, ita su ke so. Kasuwa kuwa ba a yi mata gardama. Sai hukumar Ostiriya ta yarda a ci gaba da buga shi yadda ya ke, ba a sāke ko ɗigo, har da shekarar. Saboda haka liyarin da aka buga cikin 1800 an rubuta masa 1780. Wanda aka buga cikin 1900 an rubuta masa 1780. Cikin 1858 aka daina karɓarsa a kasuwannin Ostiriya kanta, amma ba a daina buga wa 'yan ƙasashen waje ba, har yanzu kuwa gidan buga kuɗi na Biyana yana buga shi, yana kuma rubuta 1780.

Don ku ga ƙarfin wannan amana, ku ji abin da ya faru a Habasha. Da Ingilishi suka tashi yaƙi da Sarki Tewodros cikin 1868, sun san mutanen ƙasar ba za su sayar musu da ko ƙwayar hatsi da kuɗin Ingila ba, tilas suka aika Biyana aka buga musu liyari suka tafi da shi. Italiya ta gwada yin nata cikin 1918, ta sa wata mace mai kama da Mariya Tereza, da nufin a ɗauka duk ɗaya ne. Mutane suka juya shi, suka duba, suka mayar. Da abin ya gagara, cikin 1935 sai Italiya ta karɓo ainihin ƙarafan bugawa daga Ostiriya ta shiga buga liyari a Roma. Ganin haka Ingilishi su ma suka shiga buga nasu a Landan daga 1936, aka buga a Faris da Burasal da Bamingam, aka kuma buga a Bombai ta ƙasar Indiya lokacin yaƙin duniya na biyu. Duka azurfa ce ta gaskiya, duka kuma 1780. An ƙiyasta abin da aka buga tun daga farko ya wuce miliyan 300.

Kun ga ashe shekarar da yaronmu ya dogara a kanta ba shaida ba ce. Ba ƙarya aka yi ba, ba kuwa gaskiya aka faɗa ba, suna ne kawai ya bi kuɗin, kamar yadda a kan kira yaro da sunan kakansa. Liyarin da aka buga tun sarauniya na da rai yana ɗauke da tasa shekarar, 1765 ko 1772 ko wata, irinsu ne masu tara tsofaffin kuɗi ke nema da tsada, ba su kuwa da yawa. Masana sukan rarrabe bugun gari da gari ta ƙananan alamu, kamar yawan gashin wutsiyar mikiya, da ƙirar haruffa, da ɗige-ɗigen da ke kan maɓallin kafaɗar sarauniya. Wannan ilmi ne mai zurfi, ba na rana ɗaya ba. Abin da ya kamace ku ku riƙe shi ne, wanda duk ya ce muku liyarinsa ya shekara 240 don an rubuta 1780, ko dai bai sani ba, ko kuwa yana fatan ku ba ku sani ba.

Kakanninmu ba su iya karatun boko ba, balle Latin, shekarar ba ta dame su ba. Duk da haka da wuya a cuce su. Falke ya karɓi liyari sai ya auna shi a tafin hannu, ya shafa gefensa da babban yatsa, ya ɗora shi bisa ɗan yatsa ya ƙwanƙwasa da wani, ya kai kunne. Azurfa tana da wata ƙara siririya mai daɗewa, dalma kuwa sai ta ce "ƙwal" ta yi shiru. Larabawa har ƙidaya ɗige-ɗigen maɓallin nan su kan yi, in sun shafe sai su ce kuɗin ya sha hannu, ya rage nauyi, su rage masa daraja. Maƙeran fari kuwa, masu narka shi su yi mundaye da zobba da kayan doki, su ba a ko gwada kai musu na ƙarya, wuta ce alƙalinsu.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato cikin 1903, suka hana shigo da wuri da liyari, suka ce haraji da jangali da kuɗin Gwamnati za a biya. Liyari ya bar kasuwa ya koma wuyan mata da goshin amare. Aka kawo anini da kwabo masu huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci a jiki. Cikin 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, cikin 1913 ta fito da taro da sisi da sule da fataka, dukansu na azurfa. Mutane suka karɓa da murna, gama azurfa suka sani. Da yawa ma ba su kai kasuwa ba, tukunya suka shiga aka binne, waɗansu suka tafi maƙera.

Amma bayan yaƙin duniya na farko azurfa ta yi tsada ƙwarai, har azurfar da ke cikin sule ta nemi fin sule daraja. Saboda haka cikin 1920 aka daina yin su da azurfa, aka koma yi da wani gaurayen ƙarfe mai ruwan ɗorawa, dangin tagulla. Nan fa ƙofa ta buɗe. Dā, wanda zai yi sule na ƙarya sai ya rasa riba in ya sa azurfa, a kama shi in bai sa ba. Yanzu kuwa na Gwamnati ma tagulla ne, ƙarfen da ke cikinsa bai kai ko kusa da sule ba, kowane maƙeri kuma yana da tagulla. Sai a danna sule na gaskiya cikin yumɓu ko wani abu mai kama shi, a fitar da surarsa gaba da baya, a narka ƙarfe a zuba. Cikin shekarun 1920 da na 1930 abin ya yi yawa a ƙasar Yarabawa, ya fi kuma yin suna a wajen Ijebu Ode, har mutanen can kudu suka riƙa ce wa kuɗin ƙarya kuɗin Ijebu. Kuɗin ya biyo jirgin ƙasa da 'yan kasuwa ya hau arewa, sunan ya biyo shi, Bahaushe ya taƙaita ya ce "jabu". Yau ga shi muna cewa maganin jabu, takardar jabu, har malamin jabu, ba mu san sunan gari mu ke kira ba. A nan ya kamata mu yi adalci. Mutanen Ijebu 'yan kasuwa ne masu ƙwazo da son ilmi, 'yan kaɗan ne cikinsu suka yi wannan aiki, an kuma kama masu yinsa a wurare da yawa da ba Ijebu ba. Wake ɗaya ne ya ɓata gari.

Wa ya sha wahalar? Talaka. Manomi ya kai gyaɗa ko auduga, a zuba masa sulalla da magariba, ya ƙulle ya tafi gida. Ran biyan haraji a ƙwanƙwasa a ce uku ba su da kyau, a ƙi karɓa, in bai yi sa'a ba ma a tuhume shi. An ɗaure mutane da yawa, abin bai tsaya ba, sai da aka sāke kuɗin cikin 1938. Sabon sule da fataka aka yi musu wani kwari siriri kewaye da gefe, da ƙananan alamu a cikin kwarin, abin da zubi ba ya iya fitarwa sosai. Kun ga dabarar gefen nan ta liyari ce aka komo gare ta. Waɗannan kuɗi su ma sun wuce, Nijeriya ta fito da nata cikin 1959, naira da kobo suka zo cikin 1973.

Yanzu mai jabu ya sāke sana'a. Ba ya wahalar da kansa da kuɗin kashewa na ƙarfe, gama ba abin da su ke saye. Tsofaffin kuɗi ya ke yi, don masu tara kayan tarihi da masu neman azurfa. Ba kuma da yumɓu a bayan ɗaki ya ke yi ba, akwai masu buga su da inji a ƙasashen waje, su shafa musu ruwan azurfa, su turara su da hayaƙi ko su sa musu wani magani su yi baƙi kamar sun shekara ɗari a ƙasa. Babbar sa'arsa kuwa ita ce kasuwar da ya samu. A intanet ba ka taɓa kaya, hoto a ke nuna maka. Ku duba duk gwaje-gwajen da muka ce kakanninmu na yi, na hannu ne da na kunne. Hoto ba shi da nauyi, ba ya ƙara, sau da yawa ma ba a nuna gefen. Wani lokaci hoton na liyarin gaskiya ne, abin da za a aiko maka dabam. Watau an mai da cinikin duka sayen biri a sama.

Saboda haka in za ku sayi irin wannan abu, ko wani naku zai saya, ku nemi a nuna muku shi bisa sikeli, a nuna gefensa kewaye, a kuma yarda za a karɓi kaya a mayar da kuɗi in bai yi ba. Wanda ya ƙi ɗaya cikin waɗannan ya riga ya ba ku amsa. In kuɗin da aka sa bai kai na azurfar da ke cikinsa ba, watau giram 23 da 'yan kai, ku tambayi kanku, wane mai hankali ne zai sayar da azurfa ƙasa da abin da maƙerin garinsu zai ba shi? Akwai kuma masu zuwa ta ɗaya hannun, su ce liyarinka ya kai miliyoyi, su za su saya, amma ka fara aiko da kuɗin rajista. Araha ba ta ado, wannan kuwa ko arahar babu.

In abin ya zo hannu, sai a bi shi da sannu. A fara da ido. Na zubi haruffansa ba su da kaifi, sun yi kamar sabulun da ya sha ruwa, a kan kuma ga ƙananan ƙuraje ko ramuka a filinsa, da wani zare siriri a gefe inda ɓari biyu na mazubin suka haɗu. A kawo maganaɗisu, in ya kama, magana ta ƙare, baƙin ƙarfe ne. In bai kama ba kada a yi murna tukuna, gama tagulla da dalma su ma ba ya kama su. Sa'an nan a auna. A ƙasarmu sikeli ƙarami ba ya wuya, kowane mai sayen zinariya yana da shi. Akwai kuma gwajin ruwa, wanda wani masanin Yunanawa, Arkimidis, ya gano fiye da shekara 2,000 da suka wuce, sa'ad da sarkinsu ya yi zaton maƙeri ya cuce shi a kambin zinariya. A ɗora ƙoƙon ruwa bisa sikeli, a mai da shi sifiri, a ɗaure liyari da zare a saka cikin ruwan, kada ya taɓa ƙasa ko gefe. Abin da sikeli ya nuna a raba nauyin liyarin da shi. Na gaskiya zai ba da goma da ɗan ɗori, tagulla ba ta kai tara. Mai wayo ya kan gauraya dalma da kuza don nauyi ya yi daidai, amma shi kuma ƙara ke tona shi.

Gwaji ɗaya ne na mutanen dā za mu hana ku, watau cizo. Sukan ciji kuɗi su ga ko haƙori zai shiga, don dalma taushi gare ta. Mu mutanen Anka da Bukkuyum ba ma bukatar a gaya mana mece ce dalma. Cikin 2010 aka gane ita ce ke kashe yara a Dareta da Abare da 'Yargalma da Tungar Guru da Bagega da waɗansu ƙauyuka, daga ƙurar dutsen zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka sha magani wurin likitocin agaji na MSF, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Waɗansunku an haife ku cikin gidajen nan. Kada ku sa tsohon kuɗi a baki, kada ku bar ƙanenku ya tsotsa, kada kuma a narka wanda a ke shakkarsa a cikin gida.

Saura maganar gogewa, wadda ita ce ta fi ba mu takaici. Azurfa in ta daɗe tana shan iska da gumi sai ta yi duhu, duhun kuma ba ya zama bai ɗaya. Ya kan taru cikin lunguna, tsakanin haruffa da cikin gashin mikiya, wuraren tudu kuwa, kamar kumatu da kafaɗa, su yi haske saboda shafar hannu. Wannan shi ne furfurar kuɗi, shekaru ne ke saka ta. Baƙin da aka yi da magani ya kan kwanta ko'ina daidai, tudu da kwari, wani har ya kan biyo yatsa. Toka da yashi kuwa ba datti kaɗai su ke cirewa ba, da fatar azurfar su ke tafiya. In ka karkata gogaggen kuɗi a rana za ka ga dubban ƙananan zane sun bi hanya ɗaya, waɗannan ba su ɓacewa har abada. Masu tara tsofaffin kuɗi da sun ga haka sai su rage abin da za su biya, wani ma ya ƙi saye sam. In datti ya dame ka, ruwa da ɗan sabulu sun isa, a tsane da tsumma mai laushi, ba dirza.

Muka aro sikeli wurin wani maƙwabci, muka tara 'yan aji shida, aka yi gwajin a gabansu. Na ɗan tireda, baƙin nan mai kamar tsufa, ya auna giram 23.4, cikin ruwa ya nuna 2.8. Yara suka raba a allo, suka sami takwas da 'yan kai. Muka kankari gefensa kaɗan da wuƙa da izinin mai shi, sai ga ja ya leƙo. Ya buga wa mai sayarwa waya, aka ce lambar ba ta aiki.

Na yaron kuwa ya auna giram 27.6, gama an huda shi don ratayawa, ya kuma sha hannu. Cikin ruwa ya nuna 2.7, lissafi ya ba da goma da ɗan ɗori. Muka ƙwanƙwasa, ajin ya yi tsit, ƙarar ta daɗe kafin ta mutu. Azurfa ce ta gaskiya. Muka gaya masa ba za a saye shi da abin da ya wuce kuɗin azurfarsa ba, da hudar, da gogewar, da kuma yawan irinsa a duniya. Muka tambaye shi ko kakar ta san ya ɗauko, ya sunkuyar da kai.

Ran Asabar muka raka shi Tungar Guru ya mayar. Tsohuwar ta karɓa, ta juya shi gaba da baya, ta shafa gefen da babban yatsa, ta ɗaga shi kusa da idonta. Ta ce, "Malam, nauyin nawa ne, hudar ma tawa ce, amma wa ya wanke mata fuska?" Ba wanda ya amsa. Ta zare wani baƙin zare daga bakin zanenta, ta zura, ta rataya a wuya.